Tarihin garinku yana cikin adakar da ke ƙarƙashin gado a Legas: yadda za ka fito da shi

Wasiƙa ba ta zama a inda aka rubuta ta. Wadda aka rubuta a ƙauye tana hannun wanda ya tafi Kurmi neman kuɗi, amsar da ya mayar kuma tana can gida, in gara ba ta cinye ta ba. Saboda haka labarin ƙananan garuruwanmu na Arewa, irin wanda babu wani littafi da ya damu da shi, wato shekarar da aka haƙa rijiyar bakin kasuwa, ranar da dagaci ya rasu, nawa aka sayar da tiyar gero a wata damina, da yawansa yana nan kwance a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, cikin adaka ko tsohuwar jakar fata.

Ba jiya Hausawa suka zo Ikko, wato Legas, ba. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta sojojin Hausawa a nan, kuma da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa har Kano a 1912, sai fatake suka riƙa sauko da shanu suna komawa da huhunan goro, har Zangon Agege ya zama gari guda. Daga wancan lokaci zuwa shigowar wayar salula a 2001, takarda da kaset da sallahun baki su ne igiyar da ta ɗaure mutum da gida. To ga yadda za ka bi abin da ya rage daga cikinsu, tun kafin danshin Legas ya gama da shi.

Mataki na farko: nemi mai akwatin kafin akwatin

Kada ka fara da takarda. Fara da tsohon ko tsohuwar da ta san abin da ke ciki. Takarda za ta iya jiranka wata shida, amma wanda ya haura tamanin babu mai ba ka tabbacin haka. Hoton da babu mai iya faɗin sunayen mutanen cikinsa ya zama ado kawai.

Ka je da ladabi, kuma ka faɗi abin da kake so a fili. Dattijai da yawa in suka ji yaro yana tambayar "takardu", abin da ke faɗo musu a rai shi ne takardun gida ko fili, sai su ɗauka rabon gado ake shiryawa tun suna da rai. Ka ce musu wasiƙun gida kake son gani da hotuna, ba za ka fita da komai daga ɗakin ba, a gabansu za ka duba ka mayar. Ka kuma cika alkawarin. In mai kayan ya rasu, nemi izinin magada gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, don kada abin alheri ya zama sanadin gaba.

Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Bayan la'asar ya fi, ko ranar Lahadi da hantsi in kasuwa ta lafa. Tafi da goro ko ɗan abin da tsohon ke so, littafin rubutu, fensir, da waya mai cikakken caji. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda da rabi. Tsofaffi suna gajiya, kuma wasu takardun suna tayar da abin da aka daɗe da binnewa.

Mataki na biyu: buɗe, amma kada ka hargitsa

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zazzage akwatin a tabarma, a ware hotuna gefe, wasiƙu gefe, rasit gefe. Kada ka yi haka. Yadda mai kayan ya ɗaure su ma bayani ne. In ka ga wasiƙu bakwai an naɗe su da tsumma ɗaya tare da rasit ɗin asibiti, akwai dalilin da ya haɗa su, kuma da zarar ka raba su dalilin ya tafi.

Ɗauki hoton akwatin a buɗe tukuna. Sannan ka riƙa fito da ƙunshi ɗaya-ɗaya, ka ba kowane lamba a littafinka: ƙunshi na 1, takarda 12, ɗaure da zare baƙi, an same shi a ƙasan adaka. Wasiƙa kuma ta zauna cikin ambulan ɗinta. Sau da yawa ambulan ya fi wasiƙar amfani, domin shi ke ɗauke da kan sarki da hatimin gidan waya da adireshin wanda aka bi ta hannunsa. Mutanenmu da yawa ba su da akwatin gidan waya, sai a rubuto ta hannun maigidan da suka sauka wurinsa ko wani mai shago sananne, kuma daga waɗannan sunaye kaɗai za ka iya gane gidan da ya riƙa karɓar baƙin garinku a zango.

Wanke hannu ka busar sosai. Kada a ajiye shayi ko ruwa a kusa. Tawadar gargajiya, irin wadda ake rubutun allo da ita, da ma an yi ta ne don ta wanku, ɗigo ɗaya ya isa ya share layi guda na ajami.

In ka ci karo da laya, bar ta a ɗinke. Takardun da ke ɗauke da ayoyi kuma a ware musu wuri mai tsabta a sama, amma ka rubuta ƙunshin da suka fito.

Mataki na uku: gano shekara

Nan ne aikin yake, nan ne kuma daɗinsa. Yawancin wasiƙun gida ba su da kwanan wata. Suna farawa da "takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane", a jero gaisuwa mai yawa, a faɗi buƙata, a rufe da "haza wasalam". Sai dai kusan kowace takarda tana barin sawu.

Fara da hatimin gidan waya, ka karkata ambulan wajen haske, sau da yawa rana da wata da shekara suna nan ko da sun dushe. In hatimin bai karantu ba, dubi kan sarkin: in kuɗin da ke jikinsa sule ne da kwabo irin na da, kafin 1973 aka buga shi, domin ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kobo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. Amma a kula, wannan hujja ce a kan abin da hukuma ta buga kawai. A bakin mutane fam da sule sun daɗe ba su mutu ba, 'yan kasuwar shanu da na goro sun ci gaba da lissafi da fam shekaru masu yawa bayan canjin. Don haka in kawunka ya rubuto cewa a aika masa fam goma, wannan kaɗai bai isa ka yanke hukunci ba.

Adireshi ma agogo ne. In an rubuta Jihar Arewa maso Yamma, ko Arewa ta Tsakiya, ko Arewa maso Gabas, takardar tsakanin 1967 da 1976 take. Jihar Gongola ta rayu daga 1976 zuwa 1991. Wasiƙar da ta sa Funtuwa ko Daura a Jihar Kaduna ta riga 1987, shekarar da aka yanke Katsina. Hadeja ko Gumel a Jihar Kano, Argungu a Jihar Sakkwato, Potiskum a Jihar Borno, duk kafin 1991 ne. Gusau a Jihar Sakkwato ko Gombe a Jihar Bauchi, kafin 1996. Rasit mai tambarin En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya, ya girmi gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A kan takardar haraji ko ta jangali daga Kano ko Kaduna kuma, a tuna cewa a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su.

In malami ne ya rubuta da ajami ya sa shekarar Hijira, lissafin mai sauƙi ne: ninka shekarar da 0.97, ka ƙara 622. Misali 1393 za ta ba ka 1973. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya, tunda shekarun biyu ba rana ɗaya suke kamawa ba.

Sai kuma abubuwan da wasiƙar ta ambata a wucewa. "Tun da aka koma tuƙin dama" yana nufin bayan Afrilun 1972. Farin da ya kashe dabbobi, a nemi 1973 da kewayenta. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, tsakiyar shekarun 1970. Kisan Janar Murtala a Ikoyi, 13 ga Fabrairun 1976. Canjin launin kuɗi na zamanin Buhari da Idiagbon, Afrilun 1984. In daga nan Legas aka rubuta ana kwantar wa na gida da hankali a kan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja, to ƙarshen Janairun 2002 ne.

Abin da ka tabbatar, rubuta shi kai tsaye. Abin da ka ƙiyasta, rubuta "wajen" ko "tsakanin kaza da kaza", ka kuma faɗi dalilinka. Wanda zai zo bayanka yana bukatar sanin wanne ne gani, wanne ne zato. Kuma duk wannan a littafinka za ka rubuta, ba a jikin takardar ba. Bayan hoto kaɗai ake iya rubutu, shi ma da fensir mai taushi, ban da biro.

Mataki na huɗu: karanta wa tsohuwa, ka naɗi muryarta

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kunna rikodar waya, bayan ka nemi izini, ka faɗi ranar da wurin da sunan mai magana, sannan ka karanta wasiƙar a hankali ka yi shiru. Kada ka cika ta da tambaya. Shirun nan shi ke fito da magana.

Na taɓa karanta wa gwaggona wata wasiƙa da nake ɗauka kakanmu ne ya rubuta da hannunsa, har ina yaba kyawun rubutun. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, Baba ko alif na boko bai sani ba. Wannan hannun malamin firamaren garinmu ne, shi ke rubuta wa kowa ranar kasuwa." Na ce, "To Gwaggo, shi ya sa babu maganar rikicin gonar nan a ciki?" Ta ce, "Wa zai faɗi sirrin gidansa a gaban malamin makaranta? Wannan a baki aka aiko direba da shi."

Daga ranar na daina ɗaukar mai rubutu a matsayin mai magana. Wasiƙun da yawa shifta ce: tsoho ko mace a cikin kulle ta faɗa, ɗan makaranta ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya rubuta, wani kuma ya karanta wa wanda aka aika wa. Magana ta bi ta kunne uku, dole a tace ta. Saboda haka a kowace takarda ka tambayi abu uku: wa ya faɗa, wa ya rubuta, wa ya kawo.

In ajami ne kuma ba ka iya ba, kada ka ji kunya. Nemi malamin zaure a unguwa, zai fi kyau wanda ya fito daga yankinku, domin sunayen unguwanni da gonaki da fadamu sai ɗan ƙasa ke gane su a rubuce. Ya karanta da ƙarfi kana naɗa, daga baya ka mayar da shi boko kalma da kalma, ba tare da ka gyara masa Hausa ba. In an rubuta da Sakkwatanci ko Katsinanci, bar shi haka.

Kayan da ba takarda ba su ma haka za ka yi musu. Langa da fantekar jeren aure, keken ɗinki, tsohuwar rediyo, mudun awo, fasfon aikin Hajji, katin ƙungiyar direbobi, lambar soja, littafin bashin dillalin goro. Ɗora abin a gabanta ka tambayi wa ya saya, a ina, da wane dalili, wa ya fara kawo irinsa garin. Littafin bashi musamman kada ka raina shi. Jerin sunayen da ke ciki zai nuna maka su waye 'yan garinku da ke harkar a lokacin, da kuma wanda ya yarda da wa.

Mataki na biyar: ɗauki hoto

Wayarka ta isa. Shimfiɗa takardar a kan farin ƙyalle kusa da taga, kashe fitilar kyamara, riƙe wayar daidai saman takardar. Ɗauki gaba da baya, da ambulan gaba da baya, har da shafin da kake ganin babu komai. Bayan tsohon hoto sau da yawa akwai tambarin mai hoton da unguwarsa. Sa wa kowane hoto suna mai ma'ana, shekara da lambar ƙunshi da ta takarda. Ajiye kwafi a wuri uku: waya, kwamfuta ko filashi, da intanet. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage ingancin hoton har ƙananan rubutu su dagule.

Kaset kuwa, kafin komai ka ɓalle 'yan ƙananan haƙoran robar da ke samansa, don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ya shafe muryar kakarka. Samo rediyo mai lafiya, gwada ta da wani kaset marar amfani, sannan ka kunna naka sau ɗaya kana naɗa da waya a ɗaki shiru. Tsohon zare ba ya jure maimaici.

Mataki na shida: adana daga danshin Legas

Takardar da za ta shekara hamsin lafiya a Katsina, a nan damina uku na iya gamawa da ita. Abokan gabanta su ne danshi, fumfuna, kyankyaso, gara, tsatsa, da ambaliya.

Babban gargaɗina: kada ka kai a manne maka tsohuwar takarda cikin roba da injin zafi. Na yi wannan wautar da wata wasiƙa guda, ina ganin gata na yi mata. Bayan 'yan shekaru danshi ya shiga ta gefe, tawadar ta bazu, kuma babu yadda za a ciro ta. In kana son abin nunawa, buga kwafi ka manne wannan. Haka kuma ban da salatif a kan yagewa, yana rinewa ya ci takardar. Cire allura da ƙusar maƙala takardu a hankali tunda suna tsatsa, cire robar ɗauri ita ma tana narkewa ta manne.

Warware kowace takarda, sa ta cikin farar takarda da aka ninka biyu, rubuta lambarta a jikin farar da fensir. Jera su cikin akwatin roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Akwatin ya hau saman kabad, nesa da ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke bugu, nesa da kicin. Wanda ya zauna a unguwar da ruwa ke shiga ɗaki a watan Yuni da Yuli ya san dalilin. Kada ka taɓa rufe takarda mai ɗanshi cikin leda, gidan fumfuna ka gina mata. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, buɗe akwatin ya sha iska a inuwa, ka duba ko wani abu ya shiga.

Wadda ta riga ta yi fumfuna, fitar da ita waje, bar ta ta bushe a inuwa ba a rana ba, rufe hancinka, ka share a hankali da burushi mai laushi, ka ajiye ta daban da sauran. Hoton da ya manne da gilashin firam, kada ka ɓanɓare, ɗauki hotonsa a haka. Rasit irin na injin zamani kuma da kansa yake gogewa, shi ma hoto ne kaɗai maganinsa.

Mataki na bakwai: ware abin da ba na kowa ba ne

Za ka ga abin da ba ka nema ba. Takardar saki, rigimar gado, zargi, maganar asalin wani gida, ciwon da aka ɓoye. Kasancewar abu tarihi bai ba ka izinin watsa shi a Facebook ba, jikokin waɗannan mutane suna raye, wasu ma kuna sallah a masallaci ɗaya. Ni abin da nake yi shi ne kashi uku: na kowa, na dangi, da wanda za a rufe sai manyan gida sun yarda. Ban goyi bayan ƙonawa ba, rufewa ta wadatar. In kuma ka ga alamar bashin da mamaci bai biya ba, ko amanar da aka ba shi, wannan ya fita daga hannunka, kai wa magada su nemi malami.

Mataki na takwas: daga labarin gida zuwa labarin gari

Yanzu buɗe sabon shafi, ka bi wasiƙun bisa jerin shekaru kana tsamo duk abin da ya shafi gari: ruwan sama, farashin hatsi, annoba, gobara, sabuwar hanya, makaranta, wutar lantarki, naɗin sarauta, tashin kasuwa daga wuri zuwa wuri, sunayen unguwannin da yanzu ba a kiransu haka. Kowane bayani ka sa lambar takardar da ya fito.

Karanta da wayo. Wasiƙar da ta fito daga gida tana neman kuɗi takan ƙara wa wahala gishiri, wadda ta tashi daga Legas kuma takan ɓoye wahala, domin babu mai son a ce ya je Kurmi bai samu ba. Mutum yana kwana a rumfar kasuwa zai rubuta cewa komai lafiya sai godiya. Maganin wannan shi ne akwati na biyu. In wasiƙar gidanku ta ce an yi yunwa a wata shekara, ta wani gidan da ba danginku ba ita ma ta faɗa, ka samu abin dogaro.

Nan ƙungiyar 'yan garinku za ta yi amfani. A taron wata, nemi minti goma, nuna hoto ɗaya ko biyu a waya, ka karanta wasiƙa guda marar sirri. Za ka ga dattijai sun fara gyara zama suna cewa ai su ma akwai irinta a gida. Kada ka karɓi asalin kayan kowa, je gidansu ka ɗauki hoto a gabansu. Fadar Sarkin Hausawan unguwarku ma wuri ne na tambaya, musamman a kan wanda ya fara zuwa da gidajen da aka riƙa sauka.

In kana son gwada abin da ka tara da takardun hukuma, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ita ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, har da rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi, inda ake samun sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan jama'a. Abin da ya shafi Legas kanta kuma reshen Ibadan ya fi. Gidan Arewa a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da masu aikin rubuce-rubucen ajami da Larabci in ka samu takardar da ta gagari malaman unguwa.

Saura rabin da ke can gida. In za ka tafi Sallah, buga kwafin wasiƙun da suka fito daga garin, ka haɗa su a littafi biyu, ɗaya na gidanku, ɗaya na hedimasta ko limami ko duk wanda ka san zai riƙe. Tafi da littafin lambobinka da fararen takardu da fensir. Ka tambayi wace tsohuwa ce ke ajiye saƙon da ake aikowa daga Ikko, ka kuma roƙi a bar ka ka leƙa cikin tukunyar da ke ƙuryar ɗaki da ƙasan jeren kwanuka, domin a nan mata suka fi ɓoye takarda.